Faifai a Gonar Gero

Daren Talata aka yi yayyafi,
irin wanda ba ya kai wa saiwa.
Da asuba na bi hanyar Mirya zuwa gona,
na tarar da gerona a kwance.

Ba kwanciyar iska ba ce, iska ba ta san awo ba.
Da'ira ce babba, cikinta ƙanana bakwai,
kowace ta kama wutsiyar ƴar'uwarta,
kara na bin kara ta hannun dama
kamar wata ta saƙa faifai ta manta shi a ƙasa.
Sai da na hau dutsen bayan gona
kana idona ya ɗauke ta duka.

Kafin azahar Damagaram ta ji.
Ƴan kabu-kabu suka yi ta sauke mutane.

Liman Baƙo ya tsaya daga kan iyaka,
ya ce mutanen ɓoye ne suka yi taro,
ga shimfiɗarsu nan, kada mai ciki ta taka.
Tsohuwa Dudu ta ce guguwa ce,
ta taɓa ganin irinta tana budurwa.
Aka ce, Iya, guguwar nan lakwal ta yi?

Wani yaro ya miƙo mini wayarsa:
gonar alkama a ƙasar Turawa, zane iri ɗaya.
Ya ce baƙi ne daga taurari.
Na ce baƙon da ya keto sama bakwai
bai ga filin jirgi ba, sai gonata?

Mushe Tankari, malamin lissafi,
ya naɗe ƙafar wando, ya auna gabas, ya auna kudu,
taku arba'in da biyu, ba ragi ba ƙari.
Ya ce turke ne da igiya da katako,
mutum uku, dare ɗaya.
Liman ya ce ina sawunsu?
Mushe ya ce ruwa ya wanke.
Liman ya ce wa ya aiko ruwan?
Har la'asar suna nan.

Babu wanda ya tambaye ni dami nawa.
Ni na ƙirga: goma sha ɗaya,
tuwon wata biyu,
ban da abin da masu kallo suka tattake.

Da kowa ya watse na shiga tsakiya.
Ƙarƙashin kara akwai rami,
faɗin babban yatsa, bakinsa sumul.
Na daɗe ina dubansa.
Na tura masa ƙasa da diddige.

A gida Cima ta kawo mini ruwa,
tana riƙe da kwanon da gefen hannu.
Tafinta duk kanta, irin ta igiyar rijiya,
mu kuwa famfo muke sha tun bara.
Ita ce ke zana da'ira a bayan kalanda,
a toka, a jikin bango,
ita na ce wa bana ba kuɗin littafi.

Na sha ruwan. Na ce, kin je kin gani?
Ta ce a'a.
Can ta ce, Baba,
daga kan dutse ta fita daidai?

Yau kwana biyar.
A rediyo har yanzu ana musu.
Karan kuwa sun lanƙwasa daga gaɓa
suna neman rana,
kuma ta bakwai ɗin, ƴar ƙaramar,
ta fara ɓacewa.