Dariyar Haya

Mu huɗu ne a fadar Bukoki,
ƙarƙashin dogon-yaro, kusa da mai facin taya.
Buta ɗaya, gawayin dala ashirin,
da hirar da ba ta san agogo ba.
Shekarar da albasa ta yi tsada
uku daga cikinmu muka yi aure,
bi da bi, kamar masu layin famfo.

Yanzu ran Laraba bayan lisha
akwai wasan da ake sawa a tele:
wasu abokai, su ma sabbin aure,
gida ɗaya, ƙofa uku, igiyar shanya ɗaya.
An aiki ango sukari, ya dawo da kanwa,
sai wasu mutane da ba a gani
su fashe da dariya.
Amarya ta kulle shi waje da ɗan tawul,
su sake fashewa.
Cikin rabin awa an ɓata, an shirya,
har da tallan sabulu a tsakiya.

Assumana ya rantse labarinsa aka sata.
Shi ne ya yi wata guda yana haɗiyar miya ba gishiri
yana cewa ta yi daɗi,
ashe Habsu jira take ya yi magana
don ta san irin bakinsa.
Sabi'u ya ce a'a, nasa ne:
sati biyu da biki ya tashi aiki,
ƙafa ta kai shi Talaje gidan tsohuwa,
ya ci tuwo, ya miƙe a tsohuwar katifarsa,
sai ƙarfe ɗaya na dare ya zabura:
wayyo, ina da mata!
Harisu, gwauron da ya rage mana,
shi ke dafa shayin yanzu,
ya zuba kofi huɗu don sabo,
ya shanye su ɗaya bayan ɗaya.

Ni ban ba da nawa ba.
Nawa fanka ce.
Ni ina son ta a lamba uku,
Barira ta ce iskar na sa mata ciwon kai.
Na kunna, ta kashe. Na kunna.
Na faɗi wata magana kan gidansu
da ban san tana bakina ba.
Sai na tsaya, wallahi na tsaya,
na dubi kwanon rufi
ko mutanen nan za su yi dariya su cece ni.
Ba kowa.
Kare kawai, can wajen Katako.

Kwana biyu cokali ne ke mini magana,
da murfin tukunya.
Ba wanda ya zo da tallan sabulu.

Laraba ta zo. Ga mu kan tabarma,
ita a bakin nan, ni a wancan,
tsakaninmu filin da jaki zai yi birgima.
A tele ango yana roƙo ta taga,
amarya ta ɗaga labule za ta amsa,
sai wuta ta ɗauke.

Duhu. Zafin Yamai ya shigo ya zauna.
Muna jin fanka tana rage gudu,
tana ragewa,
ta tsaya da kanta.

Can Barira ta ce, murya ƙasa ƙasa:
To, kunna mana.

Ban san wa ya fara ba.
Tata tana da shaƙewa a ƙarshe,
kamar buta ta kusa tafasa,
wata uku muna ɗaki ɗaya ban taɓa jin ta ba.
Ba ta haya ba ce, ba a ɗauke ta a faifai ba,
har maƙwabciya ta buga bango.

Muka ja tabarma tsakar gida.
Na ce maganar gidanku...
Ta ce na ji, miƙo mafici.

Da safe Harisu ya aiko saƙo:
unguwarku ma an ɗauke?
Yaya suka ƙare, ta buɗe masa?
Na rubuta: ban gani ba.
Na goge.
Na rubuta: ajiye mini kofin farko,
amma ba zan daɗe ba.