Kunnen Nomau

Albasar rani bakwai na ƙulle a tsumma,
na cusa ƙarƙashin riga,
na ce wa Rakiya kada ta jira ni da tuwo.
A tashar Tawa na ɗauki Nomau,
tsohon makaniki, ido ɗaya ya yi yana,
kunne kuwa yana jin kukan ƙusa a cikin ƙarfe.

Uku suke a filin Asumana, bakin hanyar Ƙonni.
Ta fari ja ce, doguwa, mai faɗin ƙirji,
shekaranjiya ta hau daga Kutanu, in ji shi.
Na ga fuskata a jikin ƙofarta
har na gyara hula.
Makulli sau ɗaya, ta amsa.
Nomau bai ce uffan ba,
tafin hannu ya ɗora kan murfin inji
kamar mai duba zazzaɓin jika.
"Ɗumame ne," ya ce.
"Wa ya tashe ta kafin mu zo?
Mota da asuba ake gaishe ta,
tun ba ta shirya ƙarya ba."

Ya kwanta ya shige ƙarƙashinta,
sai fason ƙafarsa nake gani.
Ya fito da ɓawon tsatsa a hannu,
baƙin fenti bai ko bushe a kansa ba.
"Gishirin ƙasar sanyi ya ci ƙashin bayanta.
Buhu talatin, gangaren Kaita,
za ta rabe biyu ta bar ka da sitiyari."

Ta biyu, agogonta ya ce yarinya ce.
Robar burki kuwa ta suɗe kamar tsohon sabulu.
"Mai sayen raƙumi ba ya tambayar shekaru,
baki yake buɗewa."
Ya zaro sandar mai, ya murza, ya sansana,
man ya yi fari kamar an ɗiga masa nono.
Ya goge a wando, muka wuce.

Ta uku tana can ƙarshen fili, gindin bedi,
fara ce a da.
Ƙofa ta lotse, kujera ta fid da soso,
kaza ta yi ƙwai a bayanta.
Asumana ma bai nuna ta ba.
Cikin aljihun gaba muka iske ɗan littafi:
wani direba da ban sani ba
ya rubuta kowace ranar juyen mai,
shekara tara, da shuɗin biro,
har ranar da ya sauya bel a Abalak.
Nomau ya daɗe yana juya shafi,
shi da bai iya karatu ba.
"Wannan an so ta," ya ce.

Mun dawo ana sallame asuba.
Tari biyu ta yi, hayaƙi kaɗan, ya washe.
Ya kafa bakin sukudireba a inji,
ƙotar a kunne,
ya lumshe idon da ke gani.
Muka loda mata yashi, muka shiga ƙorama,
ƙafa huɗu suka kama, ba ta roƙi turi ba.
A kan kwalta na saki sitiyari,
ba ta leƙa hagu ba, ba ta leƙa dama ba.

Lambar takarda da lambar ƙarfe,
harafi harafi na bi su da yatsa.
Asumana ya ce albarka sau uku,
ya rantse da ƴaƴansa,
a na huɗu ya miƙo hannu.
Tsummana ya koma aljihu ba nauyi.

Rakiya ta zagaya ta sau ɗaya.
"Rani bakwai, ka auro mana tsohuwa?"
Rediyo ba ya magana,
ƙofar hagu sai ta waje ake buɗe ta,
tayoyin baya ba za su ga damina ba.
Nomau ya ƙi kuɗi.
Buhu ɗaya ya ce, cikin lodin fari,
kuma kada in bar littafin nan ya tsaya.

Na sayi biro.
Baƙi na samu.