An Haife Shi Wajen

Sun kafa tebur a bakin fili, bayan Koloma,
inda tudun rairayi ke karya kafaɗar masu gaggawa.
Mushe Idirisa, da tabarau da tocila da littafi,
yana leƙa cikin babura
kamar mai duba haƙoran rago ana jibi Layya.

Doka ta ce ajin tsofaffi
sai wanda aka ƙera kafin tamanin:
sifirin biyu a baya, ba guda ba,
birkin ganga, ba na faifai ba,
injin da iska ke fifitawa,
wanda bai taɓa sanin ruwa ba.

Na turo nawa da hannu.
Ban tada shi ba, mai ya yi tsada.

Ya durƙusa, ya tofa yawu a wuyan ƙarfen,
ya murza da babban yatsa.
Lamba biyar suka fito suna ƙifta ido,
sauran tsatsa ta yi kalaci da su
a damina ashirin da babur ya kwana
ƙarƙashin buhunan albasa, zauren Alhaji Attahir.

"Injin na saba'in da takwas ne, na yarda,
na san shi da kunnuwansa.
Amma tankin nan ƙanensa ne,
ƙafafun gaba na ɗan ƙanensa,
sarƙar kuwa jiya aka yanke mata cibi a Ƙonni.
Malam Asumana, wace shekara zan rubuta?"

Na laluba aljihu na miƙa masa katina.
Karanta, na ce.
An haife shi wajen hamsin da tara.
Wajen!
Inna ta ce shekarar da rijiyar unguwa ta rufta,
kawu ya rantse sai da aka yi kaka biyu bayan nan.
Magatakarda ya ce in ɗora hannu bisa kai in kamo kunne,
na kamo, ya rubuta.
Da wannan wajen na yi lakkwal,
da shi na yi aure, da shi nake biyan lanho,
gwamnati ba ta taɓa tofa mini yawu a wuya ba.

Haƙoran nan huɗu na Yamai ne.
Idon hagu a Galmi aka wanke shi.
Akwai ƙusa a gwiwata tun faɗuwar hanyar Arlit,
in hadari ya taso ita ke fara sani.
Wa ya ce in koma layin samari?

Ya yi dariya har tabarau ya zame.
Ya share ido, ya gyara zama,
ya rubuta: ajin kowa da kowa.
"Kai mutum ne," ya ce, "shi kuwa takarda yake so."

Sai Rabe, ɗan ɗiyata, ya hau shi a haka,
cikin sababbi masu kukan sauro.
Namu ya yi gyaran murya irin ta limamin da ya makara,
ya saki hayaƙi shuɗi, ya bi su.
A tudu na uku na rufe ido.
Cikin sha ɗaya ya zo na tara,
biyun da ya wuce, ɗaya taya ce ta fashe masa.

Ban yi fushi ba.
Mai littafi bai yi ƙarya ba, tankin ba nasa ba ne,
ni na sauya shi da hannuna, shekarar da ya fara yoyo.

Na ma san inda na farin yake.
Yana Bilbis, gidan Hajiya Tamo,
an tsaga shi biyu, kaji na shan ruwa a ciki.
Na je da la'asar.
Ta dube ni, ta dubi kajinta,
ta ce jikka biyar, kuma in kawo musu wani kasko.