Na Ba Tele Baya

Shagona a Bagalam taku huɗu ne da rabi:
keke biyu, benci ɗaya, tele a kan akwatin lemu.
Ni kuwa na ba ta baya,
don allura ba ta yarda a raba mata ido.
Wata bakwai ana wannan fim na dare,
ban taɓa ganin fuskar Salaha ba,
amma na san hannun rigarta,
na ɗinka shi sau talatin da ɗaya tun ƙaramar salla.

Takwas da rabi Lawali yakan jingine kabu-kabu,
ko mai biyan jaka ya tsaya, sai ya ce mai ya ƙare.
Tsahara ta bar wa ƙanwarta kaskon awara,
ta zo da yaji a bakin zane, wani yajin a bakinta.
Ma'azu mai cajin waya ya kawo butar shayi
da ra'ayinsa na jiya, bai ko ɗumama shi ba.

"Bashari munahuki ne," in ji Tsahara,
"ku dubi yadda shike dariya da haƙoran sama kaɗai."
"Ke mi kika sani? Bashi ne ya ci mutum."
"Bashin ne ya ce shi sai da gonar uwa tai?"
Lawali ya bugi cinya: "In ni ne, har rijiyar!"
Aka yi masa ca,
kamar shi ya sa hannu a takardar.

In talla ta shigo, sai a koma kan waƙa.
Ma'azu ya ce yaran yanzu inji ke ara musu maƙogwaro,
a kashe kuran, a miƙa musu gurmi, a sha kallo.
Tsahara ta ce, shi ya sa wayarka
ke kukan yaron nan na Tibiri in Zaliha ta kira?
Ma'azu ya ɗaga buta sama,
ya daɗe yana neman kumfa.

Ni ina taka keke, ina tara labari ta ƙeya.
Na san an yi mutuwa in sarewa ta shigo,
na san an yi ƙarya in benci ya ja tsaki baki ɗaya.
Inna Barira, mai leƙe ta taga da carbi a hannu,
ta taɓa tambayata ko garin su Salaha ya wuce Tasawa.
Tana son aika mata da ƙullin fura.
Yarinyar, ta ce, ta rame.

Daren ƙarshe, Bashari ya ɗaga hannu zai buga ƙofa,
haka dai aka faɗa mini,
sai kuran ya tafi.

Duhu, da garwashin shayi yana kallonmu.
"Za ta buɗe."
"Wallahi ba ta buɗewa."
"Jandarma ne a ciki, ku sa ido."
Can sai Tsahara ta ce,
ba da muryar da take tallar awara ba:
"In ta buɗe, ni ban yafe mata ba."
Ba wanda ya tambaye ta wace ƙofa take nufi.

Keken ƙafa ba ruwansa da kuran.
Na kunna tocila, na cije ta da haƙori,
na ci gaba da hannu na talatin da biyu.

Da safe Ma'azu ya zo da ƙarshen a waya,
dala ashirin kowane kai.
Lawali ya biya, ya kalla, ya ce an cuce shi.
Inna Barira ta tambaya ko an ba yarinyar abinci.
Tsahara ta ce a bar mata nata ƙarshen,
ta juya awara, mai ya yi ƙara.

Ni har yau ban kalla ba.
Mai rigar ta aiko yaro tun kafin hantsi:
wai in farke hannun nan,
an daina yayinsa tun jiya da dare.