Wutar Ƙaiƙayi

Na sauka daga bas a Sheffield ban karya ba,
sun ce jinin mai azumi suke so.
Kwalba huɗu. Nas ta yabi jijiyar hannuna,
yabon farko da jikin nan ya samu a bana.

Bayan sati Dakta Hollis ta juyo min da kwamfuta,
ta ɗora biro kan wata lamba.
Wannan, in ji ta, hanta ce ke aiko shi
duk sa'ad da ta jiyo ƙauri a cikin gida.
Ba gobara ba ce. Kaɗan ya hau.
Na ce a wajenmu sunanta wutar ƙaiƙayi,
sama toka, ƙasa ci.
Ta yi rubutu. Ban san me ta rubuta ba.

Sai batun sukari.
Insulin na ta sallama a ƙofar tsoka,
masu gida sun yi kunnen ƙashi,
shi kuwa sai ƙara gayyato 'yan'uwansa yake,
ƙofar gida ta cika, ba wanda aka ce wa shigo.

A hoton mara ƙwayayena sun jeru a gefe
kamar carbin da aka fara ja aka ajiye.

Shekara tara ina dirzar wuyana da soso,
Inna Lantana na cewa dauɗa ce.
Ashe baƙin nan wasiƙa ce jini ya rubuto,
ba mu iya karatun ba.
Akwai hantsaki a jakata
saboda gashi uku a haɓa
da suka fi al'adata cika alkawari.

Rage farar shinkafa, in ji dakta.
Taka ƙasa bayan cin abinci. Ga ƙwaya. Samu barci.
Barci?
Aikin dare nake a gidan tsofaffi,
ƙarfe uku ni da biskit da shayi ne kawai ido biyu.

Yaya Uwani ta bugo daga Funtuwa:
To, an ga wani abu?
Na san abin da take nufi.
Na ce an ga lamba.
Ta yi shiru, ta ce Allah ya kawo rabo.

Yau na sauka tasha biyu kafin gida.
Tudun garin nan ba ya ragi.
Acca rabin kilo a leda, ruwa na tsiyaya ta wuyan kwat,
ina haki, ina lissafi:
saura wata uku a sake ɗiba,
in ji ko tokar ta huce.