Batir a Hammata

Sanyin bana ya shigo Damagaram ba sallama.
Ruwan randa ya yi haƙora.
Na gama alwala ina ƙirga yatsuna, ko sun cika goma.

Kyamarata ba ta fi sabulun wanka girma ba.
Ƙanwata Barira ta aiko da ita daga Agadas,
tsohuwar hannu, da tabo a kusurwa,
igiyar wuyanta na ƙamshin turaren wani.
Ɗan Jimma baduku ya ɗinka mata gida na jar fata,
ya juya ta a tafinsa yana dariya:
"Wannan na'ura ce ko laya?"
Girema mai walda ya haɗa mata ƙafa uku
da rodin da ya rage daga tagar wani alhaji.
Ƙafa ɗaya gurguwa ce,
shi ya sa nake yawo da tsingaro a aljihu.

Yau Talata.
Alhamis za a rushe soron gidanmu na Birni, a sa bulo.
A goshinsa akwai takobi biyu, da dagi, da keke.
I, keke. Kakana ya so keke, bai taɓa hawa ba.
Baba Mutari ya murɗa su da laka da makuba
tun yana saurayi mai cin tuwo malmala huɗu.

Na kafa ƙafafun tun rana ba ta taɓa kan duwatsu ba.
Na danna.
Idon ya zuro wuya kamar kunkuru,
ya ji iska, ya koma.
Alamar batir ta ƙifta ja sau uku, allo ya yi baƙi.
Jiya fa na cika shi taf,
daren da wuta ta yi mana mutunci ba ta ɗauke ba!

Shafi'u mai shayi ya ce in ɗora shi bakin garwashi.
Na ce a'a, wuta ba ta san wasa ba.

Sai ga tsohon, lulluɓe da bargo mai ƙuna a gefe.
Bai tambaye ni komai ba, ya miƙo hannu.
Ya karɓi batirin, ya cusa a hammata,
ya zauna bisa dakali kamar kaza kan ƙwai.
"Laka ma haka take," in ji shi,
"da ɗari ba ta jin magana
sai ta ɗanɗani ɗumin mutum."
Muka sha shayi kofi biyu. 'Yan garuwa suka wuce da kurarsu,
jarkoki na kukan babu.

Rana ta sauko kan takobi na farko.
Ya ciro shi da ɗumi kamar gurasa.
Na saka, ido ya buɗe,
sai numfashina ya rufe gilashin da hazo.
Na goge da ƙyallen tabarau, na kau da bakina.
Hannuna na rawa, don haka na ba ta daƙiƙa goma
ta ɗauka da kanta, na ja da baya.

Ɗaya.
Biyu.
A na uku ya miƙe, ya shiga gabanta bai sani ba,
ya ga tsaga a wilin keken.
Allo ya sake mutuwa.

A gida ban fiddo ta nan take ba,
na bar ta cikin fatarta ta saba da ɗaki,
kada ta yi gumi a ciki.
Sai azahar na duba.

Biyun farko daidai suke, kamar na takardar shaida.
Na ukun ya karkace, tsingaron ya zame.
Soro ya jingina hagu,
hayaƙin baki ya ci rabin fuskar tsohon,
babban yatsansa na danne a kan tsagar
yana shafa ta, babu laka a hannun.

Katin bai kai farcena faɗi ba.
Na naɗe shi a takarda, na sa cikin gidan jar fatar.
Ɗan Jimma, ka ci tambayarka.