Takardar Fili

Ni ce Gumercinda Apaza, mai saƙa a El Alto,
garin da ake shan iska kaɗan-kaɗan kamar magani.
Injina ɗaya ne, ya girmi ɗana Wilmer,
idan ya yi tari, ni ce ba na barci.

Wani ɗan kasuwar Oruro ya ce:
rigunan sanyi ɗari biyu, kafin Yuni.
Na ƙirga yatsuna, na ƙirga darare,
lissafi ya ce sai da inji na biyu.

Na sa hular zuwa biki, na gangara La Paz
cikin akwatin nan mai lilo a kan waya.
Yarinyar bayan gilashi, sa'ar 'yata,
ta ce: Uwa, ina takardar fili?
Ina shaidar albashi? Wa zai tsaya miki?

Na shimfiɗa mata hannuwana a kan tebur,
kanta ce ta shekara ashirin da shida.
Ta dube su, ta sunkuyar da kai,
ta ce kwamfuta ba ta karanta wannan.

Mai ba da bashi na bakin kasuwa
shi ba ruwansa da takarda,
a hankali yake cin mutum, kamar gara.
Yau na wuce shi.
Gobe kuwa, ban yi rantsuwa ba.

Daren nan na zuba wa tsohon injin mai,
na ce masa: saura ɗari da tamanin da bakwai.
Wilmer ya jawo kujera,
ya ɗauki zare.